Sarkin Daji a Karantina

Duk wanda ya zauna Karantina, a kudancin Jidda, ya san Alhaji Haladu mai tsire, ko da bai taɓa cin tsirensa ba. Gajere ne mai tumbi, mai son a gaishe shi da ƙarfi. Rumfarsa na jikin gidansa, a bakin wani lungu da ruwan kwata ba ya ƙafewa, kuma in ka tsaya a wurin ka waiga gabas da yamma ba za ka ga ko tsiron tafasa ba, balle bishiya. Amma a nan, tsakanin tukuba da buhun gawayi, mutumin nan yake amsa sunan Sarkin Daji, yana amsawa kuwa har da gyara zama. Dajin da yake wa sarauta yana can Nijar, bayan ƙauyensu Gidan Barmo, rabonsa da ganinsa tun yana saurayi ba tumbi.

Asalin sunan ba ƙarya ba ne. Ubansa, marigayi Yahya, shi ne sarkin daji na gaske, kuma babban aikin gidansu tsaron wani ɓangare ne da ake kira Kurmin Sutura. Kirya ce da marke manya-manya, waɗanda ba mai ɗora musu gatari don girki ko gini ko sayarwa. Sai ranar da aka yi rasuwa ake shiga, a saro rassa masu kauri daidai faɗin kabari, a jera su a kan ramin ciki bayan an kwantar da mamaci, a toshe da ganye da laka, sannan a tura ƙasa. Gara ba ta cin kirya da wuri, kura ba ta iya ɗaga ta. Mutanen Gidan Barmo ba su da abin alfahari da yawa, amma suna da wannan, cewa mai garinsu da mai kiwon awakinsu duk da kirya ake rufe su.

Haladu shi ne auta. Bayan farin da aka yi a 1984 ubansa ya rasu, shi kuma ya sayar da abin da ya rage a garke, ya ce zai sauke farali ya dawo. Uwarsa, Inna Fatsuma, ta raka shi har bakin hanyar mota. Ba ta ce ya kawo mata darduma ba, ba ta ce ya kawo awarwaro ba. Ta ɗaga sandarta ta nuna kurmin.

"Auta, ubanka da iccen can anka ruhe shi. Ni ma shi nika so. Ka tsare min iccena."

"Haba Inna, wannan ai ba abin hwaɗi ba ne," in ji Haladu, ƙafarsa ɗaya tana cikin mota.

Aka yi hajji aka gama, alhazai suka koma gida da akwatuna da haƙorin Makka, Haladu kuwa ya sulale ya shige Karantina. Da farko dako ya yi a ɗakunan ajiyar kaya na Khumra, har bayansa ya ce ya isa haka, sannan ya koyi tsire. Iƙama, wato takardar zama, bai taɓa samu ba, saboda haka in ya fita ƙasar ba shi ba dawowa. Wannan ya zame masa uzuri mai daɗi. Duk shekara yana shirin zuwa gida, duk shekara takarda na hana shi. Ya auri Dela, 'yar Hausawan Sudan amma haihuwar Jidda, mace mai ƙaramin jiki da kaifin baki, wadda Hausarta rabi Larabci ce. Dela ba ta taɓa ganin daji ba sai a talabijin, amma ta san mijinta ciki da waje.

A shekarun casa'in wani shirin raya karkara ya sauka a Gidan Barmo, da farar mota da mutane masu malafa da goran ruwa. Furoje, in ji mutanen can. Suka tara jama'a suka ce daga yau daji ya koma hannun masu shi, kamar da can a aljihunsu yake. Suka yanka dajin kashi-kashi, kowace shekara a sari kashi ɗaya a bar sauran su huta, itacen a jera a bakin hanya a sayar, abin da aka samu a yi aikin gari da shi. Kurmin Sutura kuwa aka ce kada a taɓa. Tsarin ba shi da laifi. Abin da ya rage shi ne kwamiti, da shugaba wanda jama'a suka yarda da shi, wanda ke kusa da su, wanda ya san dajin. Jama'a suka yi shawara suka zaɓi mutumin da ke bayan teku yana barbaɗa ƙuli-ƙuli a nama. Dalilinsu biyu ne a fili: ɗan sarkin daji ne, kuma shi ya aiko da lasifikar masallaci. Dalili na uku yana cikin zuciyar Gwadabe, ɗan baffan Haladu, wanda aka ba mataimaki, don shi ya hango daɗin da ke cikin zama wakilin wanda ba ya nan. Da 'yan furoje suka tambayi ina shugaban, aka ce musu ya ɗan yi tafiya.

Kafin su tafi suka kafa allo na ƙarfe a bakin Kurmin Sutura, kore, mai tsawon ƙofar zaure. An zana bishiya a sama, an rubuta sunan kwamiti da Faransanci, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe farare ga sunan shugaba, Alhaji Haladu Yahya. Gwadabe ya sa aka ɗauki hoton allon aka aiko. Haladu ya sa masa gilashi ya rataye a bangon rumfa, sama da tukuba. Ba ya iya karanta ko harafi a ciki, amma ya san daidai inda sunansa yake, yana kuma nuna wa masu sayen tsire wurin da tsinken nama. Daga ranar duk wanda ya ce masa Haladu mai tsire sai ya ga yanka ta ƙanƙance.

To, yaya ake mulkin daji daga Karantina? Da kaset ake yi. Lokacin ba wayar hannu, mutanen unguwa duka da kaset suke gaisawa da gida, sai dai na kowa gaisuwa ce, na Haladu kuwa hukunci. Da hantsi, bayan ya gama yanka nama, zai yi wanka, ya zura babbar riga, ya naɗa rawani, ya zauna a gaban rikoda ya yi gyaran murya.

"Ya hajj, wallahi rikoda ba ta da ido," in ji Dela daga bakin murhu. "Rigar ta wa?"

"Ke mi kinka sani ga sha'anin sarauta? Kore min yaran nan."

Sai ya danna, ya yi sallama mai tsawo, ya shiga zuba umurni. Kaset ɗin sai ya jira wani ɗan umara ko ɗan kasuwa da zai koma. Wanda ya fi saurin isarwa shi ne wanda hukuma ta kama za a mayar gida, shi ya sa in aka yi kame a unguwa, kowa na salati, Haladu na tambayar ko akwai ɗan wajensu a ciki. Umurninsa na a share kewayen daji saboda gobara ya isa bayan gobara ta ci ta ƙoshi. Wata shekara ya yi rantsuwa ya haramta taɓa wani ƙaton gawo da ke bakin tafki, alhali iska ta kayar da gawon tun kafin a haifi 'ya'yansa, mata sun daɗe da dafa tuwo da shi. Dajin da Haladu ke mulki yana cikin kansa ne, kore shar, ba abin da ya ragu.

A can kuwa, in kaset ya iso, Gwadabe kan tara maza a ƙofar mai gari, ya shimfiɗa darduma, ya kifa turmi, ya ɗora rikoda a kai. Manyan mutane masu furfura su zauna suna ce wa akwatin roba ranka ya daɗe. Mata, waɗanda su ne ke tafiya nesa neman itacen girki, ba a taɓa kiransu ba, sai dai su tsaya bayan zana su saurara. Yatsan Gwadabe kuwa ba ya barin madanni. Inda maganar ta yi masa daɗi ya bari ta gudana, inda ba ta yi ba sai batir ya yi sanyi. Haka kashin da ake sara a shekara ya riƙa faɗi yana shiga na maƙwabcinsa, har aka daina tuna inda iyaka take. In lokacin sake zaɓe ya zo, dabino da ruwan zamzam sukan riga shi isowa, sai a sake ɗaga hannu.

Kaset ɗin da ke dawowa daga gida kullum iri ɗaya ne. Gwadabe ya yi kirari ya ce daji lafiya lau. Yayar Haladu, Rabi'a, ta yi gaisuwa ta faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu. Can ƙarshe, bayan tari da ƙarar kaji, sai a ji muryar Inna Fatsuma, ta matso da bakinta sosai don ba ta yarda akwatin na ji ba.

"Auta, muna lahiya. Allah shi yi ma albarka. A bar min iccena."

Haladu kan yi murmushi yana soka nama a tsinke, ya ce tsofaffi ke nan. Yana son uwarsa, wannan ba a musu. Irin son nan ne da ba ya sa mutum ya tashi daga inda yake zaune.

Bayan shekarar dubu biyu da 'yan kai sai ga wani kaset na daban. Gwadabe ya fi kullum zuba kirari, wanda ya san shi kuwa ya san akwai magana a baya. Sauran daji, in ji shi, yana hutawa. Bai ce ya ƙare ba. Ga 'yan gawayi sun zo daga birni suna son kiryar Kurmin Sutura, kuma da abin da za a samu sai a yi wa masallaci hasumiya, a sa sunan shugaba a jiki. Amma tsofaffi sun ƙi, wai al'ada.

"Ranka shi daɗe, kai ka ga duniya, kai ka zamna kusa da Ɗakin Allah. Mu ƙauyawa muna jiran haskenka."

Aka yi rashin sa'a, a makon nan wani maƙwabcinsu ɗan Cadi ya rasu, Haladu ya bi gawa zuwa maƙabarta. Jama'a na addu'a, shi yana leƙen rami. Ya ga an kwantar da mamaci, an jera faifayen siminti, an tura ƙasa, ba icce ko sili ɗaya. Ya dawo gida yana tafiya kamar wanda ya sauke littafi. Ga shi kuma mai tsire, kullum hannunsa cikin buhun gawayi, ya san darajar itace mai nauyi in ya zama baƙi. Kashegari da hantsi ya sa rigar da ta fi kowace aiki.

"Jama'ar Gidan Barmo, ni da nike ƙasa mai tsarki na ga yadda ake ruhe Musulmi da idona. Siminti ake sawa. Ba icce. Shin mu mun hi mutanen nan sanin addini? Wannan tsare kurmi duhun kai ne na mutanen da. Na yi umurni a buɗe Kurmin Sutura. Ni da kaina zan aiko da abin buga bulo. Halas, magana ta ƙare."

Dela ta ajiye ludayi ta leƙo.

"Tayyib, uwarka fa? Ba ita ce kullum iccena, iccena ba?"

"Inna tsohuwa ce, ba ta san abin da duniya ke ciki ba. In ta mutu ina za ta san da mi anka ruhe ta?"

Sai bayan ya faɗa ya kai hannu ya tsayar da rikoda. Bai sake sauraron kaset ɗin ba, don shi a ganinsa maganarsa ba ta bukatar gyara. Ya naɗe shi a leda ya ba wani ɗan umara. Ranar da aka kifa turmi a ƙofar mai gari, batirin Gwadabe bai yi sanyi ba ko kaɗan. Ya bar maganar ta gudana har ƙarshe, har da tambayar Dela da amsar da aka ba ta, don ya san in sarki bai ƙyale uwarsa ba, ba dattijon da zai sake buɗe baki. Inna Fatsuma na tsaye bayan zana tare da sauran mata. Ta juya da sandarta ta koma gida.

'Yan gawayi ba su yi wasa ba. Kafin damina biyu su wuce sun kwantar da kiryar da kakannin kakanni suka bari, suka bi kututture suka tone. Hasumiya dai har yau ba a ga tushenta ba, amma Gwadabe ya gina kanti mai ƙofar ƙarfe, ya sayi babur. Abin buga bulo ya iso kamar yadda aka yi alkawari, wani akwatin ƙarfe mai nauyi, sai dai Sarkin Daji ya manta cewa bulo da siminti ake yi, siminti kuwa ba ya tsiro a Gidan Barmo. Kajin Rabi'a suka samu wurin yin ƙwai. Mutuwa ba ta tsaya jiran kwamiti ba. Wanda ya yi rashi sai ya cire ƙyauren ɗakinsa, ko ya fasa tukwanen matarsa, ko ya ɗaura karan dawa ya yi fatan alheri. Wata damina kabarin wani dattijo ya rufta, aka kwashe yini ana gyara, ana tsine wa wanda ba a ambaci sunansa ba.

Kaset ya ci gaba da zuwa, amma ƙarshensa tari ne kawai da ƙarar kaji. Da wayar hannu ta shigo ƙauyen, Haladu ya kira, Rabi'a ta kai wa uwar waya har bakin gado. Ya ji tsohuwar daga nesa tana cewa a gaya masa tana lafiya, ba ta da sabuwar magana. Ya ce tsufa ne ya sa ta tsoron waya. Dela ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe.

Wata rana a shekarar 2011, yana zaune a rumfa yana yanka nama, wayarsa ta yi ƙara. Rabi'a ce, muryarta a bushe.

"Haladu, Inna ta cika da asuba. Yanzu anka dawo daga kai ta."

Ya yi salati, wuƙa ta faɗi daga hannunsa, ya yi kuka. Kukan gaskiya ne, ba za a hana shi wannan ba. Sai da ya lafa, ya share hanci da bakin riga, sannan wata tambaya ta taso masa daga inda ya daɗe da danne ta.

"Yaya, da mi anka ruhe ta?"

"Yanzu ka tuna?"

Rabi'a ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ƙyaurena ya tahi tun rasuwar surukata, na ɗakin Inna kau zana ce. Maza sunka bi gida-gida. Masu ƙyaure kowa ya ce iska na shigo mishi. Ba wanda ya manta kasetinka, Haladu. Gwadabe na da ƙohwar ƙarhe, amma ya hau babur tun da sahe, wai shina da taro. Mijina ya ɗauki gatari su da mutane sunka tahi kurmi. Ba su samu abin da ya kai kaurin taɓarya ba. Abu guda sunka iske tsaye a wurin."

"Mi ne ne?"

"Allonka. Shi sunka tumɓuke. Ya zamna bisa ramin daidai, kamar an auna." Ta ja numfashi. "Da sunka biyo da shi ta ƙohwar gida, ni na ce ma mijina in an je a kihe shi. Sunanka na ciki, shina kallonta."

Wayar ta mutu, ko kuma Rabi'a ta kashe, bai sani ba. Ya zauna riƙe da ita, ƙudaje na sauka a kan naman da ya yanka.

Kafin la'asar labarin rasuwa ya zagaye Karantina. Aka shimfiɗa tabarmi a lungun, daga bakin rumfa har kusa da kwata, 'yan Nijar da 'yan Cadi da dangin Dela suka fara zuwa. Haladu ya ɗaga kai ya ga hoton a inda yake tun shekaru, hayaƙi ya dafa gilashin, amma fararen baƙaƙen nan suna nan ana ganinsu. Ya miƙe a hankali ya kai hannu zai sauke shi. Dela, wadda ta fito da butar shayi, ta riƙe masa hannun riga.

"La, ya hajj, bar shi," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Ba ka da iƙama, ba zuwa za ka yi ba. Shi kaɗai ne hoton kabarin uwarka da za ka samu."

Ya sauke hannunsa. Wani mai gaisuwa ya shigo lungun, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga murya yadda ya san Alhaji na so.

"Sarkin Daji, ya haƙuri?"

Haladu ya koma ya zauna a ƙarƙashin hoton, ya amsa.